Za a iya duba filtar iskar babur ba tare da an kwance komai ba?

Tambaya: Filtar iskar babur ɗina tana ƙarƙashin tanki. Kafin a kai gare ta sai an cire sit da robobin gefe, an ɗaga tankin. Shin akwai hanyar da zan gane halin da take ciki ba tare da na kwance duk wannan ba?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, sai dai rabin labarin za ka samu. Filtar iska ta fuska biyu take ɓaci. Ko ta toshe ta hana iska wucewa, ko kuma ta yage, ko bakinta ya tashi daga mazauninsa, ƙura ta riƙa bi ta gefe tana shiga inji. Ta farkon ana gane ta daga waje, zan kuma nuna maka yadda ake yi. Ta biyun ita ce mai cin inji, ita ce kuma ba ta cika nuna kanta ba sai an buɗe. Saboda haka duk abin da zan faɗa ka ɗauke shi a matsayin hanyar sanin ranar da ya kamata ka ɗaga tankin. Ba zai raba ka da ɗaga shi ba.

Kafin mu yi nisa, ga masu karanta wannan da baburansu ba irin naka ba ne: da yawa ba su da wannan matsalar sam. A irin su Honda CG125, wanda aka fara fitarwa a 1975, da ire-irensa da suka biyo baya, murfin gefe kawai za ka cire ka tarar da akwatin filtar. A Harley-Davidson tana nan waje a gefen dama na inji, kowa na ganin murfinta. Baburan daji na KTM ko sukudireba ba a buƙata, da hannu ake ɓalle murfin. A sukuta kuwa akwatin na gefen hagu, saman gidan bel, da 'yan sukurai a kewaye. Mai irin waɗannan ya daina neman dabara, ya buɗe ya gani, gani ya kori ji. Dabarar ta masu baburan gudu ce irin naka, da masu manya irin Honda Gold Wing GL1800, wanda kaiwa ga filtarsa kaɗai aikin sa'o'i ne.

Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne yawan iskar da ake magana a kai. Don fetur ya ƙone sarai, kowane kilo 1 nasa yana neman kilo 14.7 na iska. In ka juya lissafin, lita 1 ta fetur tana tafiya da iska kusan lita 9,000, kuma duk ta cikin wannan 'yar takarda ko soson take bi. Ɗauki ƙaramin inji mai cc 125 da ke zuƙar iska sau ɗaya a kowane juyi biyu. In yana juyi 6,000 a minti da totur a buɗe, abin da yake nema ya kai wajen lita 375 a minti. In yana tsaye yana silo, totur a rufe, da ƙyar yake jan kashi ɗaya cikin goma na wannan. Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Su tayar da babur a tsaye, su ji silo na tafiya lafiya, su murɗa totur sau biyu, su ce filta ƙalau take. Mai mura ma in yana zaune ba ka jin komai, sai ya tashi gudu hancin ke tona masa asiri. Ko murɗa totur a firi bai isa gwaji ba, domin injin da ba ya jan kaya, ɗan buɗi kaɗan ke kai shi ƙololuwar juyi, iskar da ya zuƙa ba ta taka kara ta karya ba. Toshewar filta a kan hanya take bayyana, a babbar giya, totur a buɗe, musamman a hawa ko da goyo.

To me za ka ji? A ƙasa babur na tafiya kamar kullum, amma da ka wuce rabin totur sai ka ji ya yi nauyi. Kana ƙara murɗawa, ƙarar na canzawa ta koma wani gurnani mai kauri, gudu kuwa ba ya ƙaruwa. Ƙarshen gudun da ka saba samu ya ragu. Matsalar ita ce abin a hankali yake zuwa, wata da watanni, har hannu ya saba ba ka lura ba. Shi ya sa nake ba da shawarar a bar dogaro da ji, a koma ga agogo. Ka sami miƙaƙƙiyar hanya mai lafiya da ba cunkoso, ka sa giya ɗaya da ka zaɓa, ka daidaita a kilomita 40, ka buɗe totur duka har zuwa 80, ka ƙirga daƙiƙu. Ka yi zuwa ka yi dawowa saboda iska da gangare. Lambar ita kaɗai ba ta gaya maka komai; amfaninta sai an gwada ta da wadda ka ɗauka ranar da filtar ke sabuwa. In ba ka da waccan, ka fara ajiyewa daga canji na gaba.

Sauran alamomin sun danganta da ko babur ɗinka mai kafireto ne ko mai injekta, kuma bambancin babba ne.

Kafireto ba ya tunani. Zuƙar da iska ke yi a maƙogwaronsa ita ke jawo mai ta jet, wato ɗan ramin da mai ke fitowa ta ciki. In filta ta toshe, zuƙar na ƙaruwa alhali iskar ta ragu, sai mai ya yi yawa. Daidai yake da tafiya da cok a ja. Don haka za ka ga shan mai ya ƙaru, baƙin hayaƙi na fita in ka buɗe totur, salansa na warin ɗanyen fetur, inji na tari in ya yi zafi. Akwai wata alama da ba kowa ke kula da ita ba: babur da da safe sai an ja masa cok yake tashi, yanzu bugu ɗaya ya kama ba cok, mai shi har murna yake. Sau da yawa filta ce ke yi masa aikin cok ɗin. In fulogi a waje yake, cire shi ka duba hancinsa. Lafiyayye ruwan ƙasa-ƙasa yake ko toka-toka. In ka gan shi baƙi, a bushe, da kunkunniya mai laushi da ke gogewa a yatsa, mai ya yi yawa. In baƙin jiƙaƙƙe ne mai maiƙo, wannan baƙin mai ne ke hawowa, wata magana ce daban. A baburan da filta ke ƙarƙashin tanki galibi fulogan ma na ƙarƙashin akwatin filtar, don haka wannan hanya ta rufe maka. Bakin salansa za ka iya shafawa, amma kar ka ɗora hukunci a kansa, lafiyayyen babur ma bakin salansarsa na yin baƙi.

Mai injekta kuwa kwamfuta ce ke auna masa mai. Tana duba matsin iskar da ke shiga, tana duba hayaƙin da ke fita ta sensar da ke jikin salansa, in iska ta ragu sai ta rage mai. Ke nan ba za ka ga baƙin hayaƙi ko shan mai a fili ba, ƙarfi kawai ke zubewa. A 2009 cibiyar bincike ta Oak Ridge da ke Amurka ta gwada wannan a kan motoci. A masu injekta, toshewar filta ba ta taɓa shan mai a zo a gani ba, amma da aka sa mai tsabta lokacin ɗaukar gudu ya gyaru da kashi 6 zuwa 11 cikin 100. A tsohuwar Pontiac ta 1972 mai kafireto kuwa, shan mai ya gyaru da kashi 2 zuwa 6, har zuwa 14 in toshewar ta yi tsanani. Motoci aka gwada, kuma babur na da ɗan bambanci: yawancin babura, da zarar totur ya buɗe sosai, kwamfutar na barin sauraron sensar salansa ta koma lissafi da buɗin totur da juyin inji kawai. A wannan yanki tana zuba man da ya dace da filta mai tsabta, don haka ko mai injekta yana iya cika mai a can sama. Fitilar gargaɗin inji ba ta cika kamawa saboda filta ba, kar ka jira ta.

Duk waɗannan alamomi shaida ce ta zato. Cok da ya maƙale, fulot ɗin kafireto (abin da ke tsayar da shigar mai in ya cika) da ya hau sama, birki da ke kamawa, taya mara iska, busasshen ceni, ko hawa ƙasa mai tsauni inda iska ke da sauƙi, kowanne na iya kwaikwayon toshewar filta. Kuloci mai suluɓewa ne kaɗai ke da sauƙin warewa, don shi juyin inji tashi yake yi gudu ya tsaya, a filta kuwa juyin ne ke ƙin tashi.

Yanzu ga abin da ido zai iya kaiwa. Kowane akwatin filta na da hanci, wato bututun da iska ke shiga ta cikinsa. A wasu yana ƙarƙashin sit, a wasu yana bayan murfin gefe, a baburan gudu kuwa ƙofofi ne a gaba, kusa da fitila, da ke kai iska har cikin akwatin. Ka kashe inji, ka zare makulli, ka haska tocila ta nan. In bututun gajere ne, da ƙaramin madubi mai sanda irin na masu gyara za ka hango gefen filtar. Tun a nan ma ana kama ɓarayi da yawa. Tsumman da aka cusa ƙarƙashin sit, ko ledar takardun babur, iska ta zuƙe ta ta manne a bakin hancin. Babur da ya daɗe a ajiye kuwa, ɓera na son akwatin filta ƙwarai, ya tara ciyawa da tsummoki, ya ci takardar ya yi shimfiɗa da ita. Zanzaro ma na gina ɗakinsa na laka a cikin bututun. In ka ga kashin ɓera ko 'yan guntayen takarda a bakin hanci, kar ka ma tayar da injin.

Abin da ya fi tocila shi ne 'yar kyamarar nan mai doguwar igiya da ake haɗawa da waya, mai fitilu a kanta. Akwai mai kaurin milimita 5.5, akwai mai 7 da 8. Ka nemi siririyar, mai igiya da ke riƙe lanƙwasa in ka lanƙwasa ta. Ka zura a hankali, kana juyawa. Da farko baƙin bangon roba kawai za ka gani yana sheƙi da fitila. Sai bututun ya buɗe, ka hango layukan takardar a jere. Tsaya kamar tsawon yatsa daga jikinta, in ka matsa da yawa hoton dushewa yake, fitilar kuma ta wanke komai ya koma fari. Abin dubawa shi ne kwarin da ke tsakanin ninkin takardar. In kana ganin zurfin kowane kwari har ƙasa, ko da launi ya koma toka-toka ko ruwan ƙasa, filtar na da sauran aiki. In kwaruruwan sun cike sun zama daidai da tudun, da fukafukan ƙwari da ƙaiƙayi a maƙale, ta gama. Ka duba ko ninkin sun karkace, ko sun manne da juna, ko sun lotsa ciki: alamar ta sha ruwa ce, ko zuƙa ta fi ƙarfinta. Baƙin tabo mai sheƙi a ɓangare ɗaya na takarda busasshiya kuwa mai ne ya jiƙa ta. In kyamararka na da ƙaramin madubi da ake ɗaurawa a kai, ka tabbata ya ɗauru da kyau, don in ya faɗi ciki tankin da kake gudu sai ka ɗaga shi.

Sai dai ido na yin ƙarya a nan, ta ɓangarorin biyu. Filta mai ɗan datti ta fi sabuwa tacewa, domin ƙurar da ta fara kwanciya ita ke toshe manyan ƙofofin takardar ta kama ƙananan ƙwayoyin. Masu ƙera filtar manyan motoci da taraktoci sun daɗe suna gargaɗin kar a yi hukunci da kallo, kuma yawan buɗewa da kansa na sa ƙura faɗawa ciki. A ɗaya gefen, ƙura mai laushi irin ta siminti ko farar ƙasa na iya shaƙe takarda ta bar ta fara tas a ido. Sannan sai ka san wace iri ke cikin naka. Akwai busasshiyar takarda. Akwai takarda da aka jiƙa da mai tun daga masana'anta, wadda Honda da Yamaha ke sawa a babura da yawa. Ita da wuri take yin baƙi, ba a wanke ta, ba a hura mata iska, canzawa ake yi. Akwai soso mai mai. Akwai kuma ta auduga da ke tsakanin ragar waya, irin ta K&N, wadda man da ke jikinta ja ne: a ita, muddin kana ganin ragar wayar a ko'ina ba ta kai wanki ba, in kuma jan ya kau ta yi fari-fari, mai ne ya bushe.

Akwai wata taga da masana'anta suka bar maka da gangan. Ka leƙa ƙasan akwatin, a babura da yawa za ka ga ɗan tiyo mai haske yana reto, da toshi a ƙarshensa. Duk abin da ya taru a gindin akwatin nan yake gangarowa. Ɗan baƙin mai kaɗan, ko wani ruwa mai kauri fari-fari, ba abin tashin hankali ba ne: numfashin inji ne da ake mayarwa cikin akwatin, kuma yana ƙaruwa in ana yawan tafiya cikin ruwan sama ko da totur a buɗe. Ka tara tsumma, ka zare toshin, ya tsiyaye, ka mayar. In tiyon na cika da mai cikin ɗan lokaci, ko an zuba baƙin mai ya wuce alama, ko ringi ya fara sakin iska, kuma ko wanne ne filtar na shan rabonta. In warin fetur ka ji, allurar fulot ce ba ta rufewa. In ruwa zalla ne bayan wanki ko ratsa kogi, takardar ta jiƙe. Abin da na fi so ka yi shi ne ka murza abin da ya fito tsakanin yatsu biyu. In santsi ne, to. In ka ji gurzar yashi, kuma tiyon daga ɓangaren da iska ta riga ta tacu yake fitowa, wannan labari ne mara daɗi, za mu zo kansa.

Hanyar da ta fi kowace gaskiya wajen gane toshewa ita ce auna zuƙar da ke bayan filtar. Haka ake yi a manyan motoci: akwai ɗan ma'auni a jikin bututun iska, mai alama da ke hawa ta tsaya a inda zuƙa ta fi ƙarfi, ba ta sauka sai an danna mata maɓalli. A injin dizal yawanci ana canza filta in ya kai inci 25 na ruwa, wato wajen santimita 63, ko kilofaskal 6 da ɗoriya a ma'aunin matsin iska. Ana iya ɗaura irinsa a babur in akwai ƙofa a akwatin tsakanin filta da totur. Lallai ya zama kafin totur, don a bayansa zuƙar inji ce za ka auna, wadda ta ninka wannan sau da yawa. Masu na'urar gwada ƙarfin inji a gareji ma kan yi da tiyo mai haske da ruwa a ciki, an lanƙwasa shi ya yi ƙugiya, kowane santimita 10 na bambanci kusan kilofaskal 1 ne. Amma wannan na gareji ne, a kan hanya ruwan cikin inji zai ƙare. A ganina mai babur ɗaya bai buƙatar wannan wahala. Mai babura da yawa da ke aiki cikin ƙura shi zai ci ribarta.

In naka mai injekta ne na zamani, wataƙila ma'aunin na jikinsa tuntuni. Tun dokar hayaƙi ta Euro 4, wajen 2016 da 2017, baburan da ake sayarwa a Turai na zuwa da soket ɗin karanta kwamfuta, kuma ana samun 'yar na'urar da ke turo bayanan zuwa waya. Ka kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, ka karanta matsin iskar shiga: wannan shi ne na sararin da kake, kusan kilofaskal 101 a gaɓar teku, ƙasa da haka a kan tudu. Sai ka sa wayar ta riƙa ajiye bayanai, ka jefa ta aljihu, ka yi gwajin nan na 40 zuwa 80. Da totur a buɗe duka, matsin ya kamata ya dawo kusa da na farkon. Tazarar da ta rage ita ce abin da filta da bututu suka ci. A inji mai silinda ɗaya lambar na tsalle sosai saboda bugun zuƙa, don haka nan ma kwatanci da lokacin sabuwar filta shi ne abin dogaro.

To, mu dawo kan rabin da ya fi tsada. Filtar da ta toshe ƙarfi da mai kawai take ci maka, ranar da ka canza ta komai ya dawo. Wadda ta yage kuwa babur har wani sauƙi yake yi, ƙarar shaƙarsa ta buɗe, ya riƙa amsa totur da kuzari. Kyan ɗan maciji ke nan. Yawancin ƙurar hanya yashi ne da ya niƙe, kuma taurinsa 7 ne a ma'aunin tauri na Mohs, ya fi yawancin ƙarfen da ke cikin inji. In ya shiga sai ya haɗu da mai ya riƙa goge bangon silinda, da ringi, da fuskar bawul ɗin shiga. A inji mai bugu biyu abin ya fi muni, don iskar ta cikin gidan karanshaf take bi, ƙurar na sauka kai tsaye a kan boris. Kafin ka ga shuɗin hayaƙi, ko ka lura baƙin mai na raguwa, ko bugun kik ya yi laushi, aikin gama ya gama.

Daga waje akwai 'yan abubuwan da za su ba ka haske. Ka bi haɗin murfin akwatin da tocila: sukuru da ya ɓace, kunne da ya karye, ko wurin da roba ta leƙo waje. Ka kama robar da ta haɗa akwatin da kafireto ko gidan totur, ka matsa ta da yatsa kana haskawa. Tsagewar da ba a gani sai an matsa take buɗe baki. Ka girgiza ta ka ji ko kilif ɗin ya saki. A kula, robobin biyu ne. Wadda ke tsakanin kafireto da inji in ta tsage tana kai ƙara da kanta, silo ya tashi, juyi ya ƙi sauka in ka saki totur. Wadda ke tsakanin kafireto da akwati kuwa in ta tsage inji ba ya cewa uffan, ƙura kawai yake sha. Ita za ka fi sa wa ido. Haka tiyon numfashin inji da ya zame, ko toshin tiyon ƙasa da ya faɗi, kowanne ƙofa ce da ta zagaye filta.

In hannunka na kaiwa ga tiyon numfashin, ko sensar zafin iska da ke jikin akwatin, zare ɗaya ka zura kyamarar ta nan, ka kalli ɓangaren tsabta. Bangon ya zama baƙi wul, ko da ɗan sheƙin mai. In ka ga ya yi hazo-hazo, ko wani siririn layin ƙura da ya taso daga kusurwa ɗaya ya nufi bakin totur, ga inda yoyon yake nan. Farin tsinken goge kunne a kan waya mai laushi ma na yi: ka shafa bangon ka fito da shi ka duba. Alamu biyu na ƙarshe sai mai kula: gibin bawul ɗin shiga da ke ta matsewa duk lokacin da aka auna, da gwajin baƙin mai a ɗakin bincike da ya nuna silikon, sinadarin da ke cikin yashi, ya hau. Duka biyun bayan ɓarna ta fara suke magana.

Soso na da nasa halin da kyamara ba ta kamawa. Yana tsufa ko ba a hawa babur ɗin. Za ka gan shi a hoto cif, da siffarsa, amma da ka taɓa sai ya marmashe, guntayen su bi iska su shige kafireto. Mansa ma na gangarowa ƙasa in ya daɗe a tsaye, sama ya bushe, busasshen soso kuwa ƙura wucewa take yi abinta. Wannan sai yatsa. Babur mai soso da ya shekara ba a buɗe ba, ban yarda a tsaya leƙe ba.

Wasu dabarun gajeren zango kuma garin neman ƙiba ake samo rama. Hura kwamfuresa ta hancin akwati tura ƙurar yake yi cikin takarda, yana iya fasa ta ma. Fesa fetur ko maganin wanke kafireto ta nan na narkar da gam ɗin da ya riƙe filtar, ya wanke man soso, ga haɗarin wuta. Tsokana da waya huda ce. Toshe hancin da tafin hannu inji na aiki don a ji ƙarfin zuƙa ba ya nuna komai game da filta, mai kawai yake jawowa ya jiƙa fulogi.

Littafin babur ɗinka na da adadin kilomitar canji. A yawancin ƙanana da matsakaita yana faɗawa tsakanin 10,000 da 20,000, wasu manyan na kaiwa 40,000, kuma kusan kowane littafi na ƙara cewa a rage in ana bin ƙura ko ruwa. Mai bin hanyar ƙasa a bayan manyan motoci ya raba adadin biyu bai yi asara ba. Tsakanin canji da canji, tocila da kyamara da tiyon ƙasa da agogo sun ishe ka. Amma ka buɗe ba tare da jiran kilomita ba in babur ɗin na hannu ne ka saya, in ya daɗe a ajiye, in ruwa ya kai masa akwati, in ya faɗi ta ɓangaren akwatin, ko in wani ya yi aiki a wurin ba a gabanka ba, don murfin da aka mayar a karkace ya fi filtar da ta yage da kanta yawa.

Ranar da za ka ɗaga tankin, ka bari mai ya yi ƙasa don ya yi sauƙi, ka haɗa da canjin fulogi da auna bawul tunda hanyarsu ɗaya. Ka goge wajen akwatin kafin ka buɗe, ka toshe bakin totur da tsumma mai tsabta, ka kuma ƙirga tsumman da ka sa don ka ƙirga su wajen fita. Ka juya tsohuwar filtar ka duba bakin robarta: sawun matsewa ya zagaye ta ba yankewa, duk inda ya yanke ko ƙura ta haye shi, ka duba murfin a daidai wurin. In soso ne, ka shafa siririn giris a bakin da zai zauna. Bayan ka rufe, ka zura kyamarar ta hanci ka ɗauki hoton sabuwar, ka fita ka yi gwajin 40 zuwa 80, ka rubuta daƙiƙun da kilomitar da ke kan mita a cikin littafin babur ɗin.